Ku tambaya mu amsa: wane fenti ne ke zama lafiya a kan wane?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun da suka taru wannan karon kusan duk kan fenti suke, daga masu haɗa ƙananan jiragen roba zuwa ɗaliban da ke yin maket, wato ƙaramin samfurin gidaje, har da masu motar gwangwani. Na taƙaita wasu tambayoyin saboda fili amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Yayana ne ya kawo min jirgin Alpha Jet na haɗawa daga Faransa, 1/72, irin wanda muke gani yana tashi a nan garinmu, tare da ƙananan gwangwanayen Humbrol. Na haɗa shi na shafa fenti da buroshi yayi kyau sosai wlh, washegari na taɓa naji ya bushe sai na sayo berni na bom, wato na gwangwanin feshi, a kasuwa na fesa masa don yayi ƙyalli, ko minti biyar ba'ayi ba fentin ya yamutse ya tattare, fukafukan duk sun lalace. Fentin ne jabu ko bernin?
Daga wani matashi a Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya abin ya taɓa ni, don na san irin haƙurin da ake zubawa kafin ɗan jirgin 1/72, wato wanda aka rage girman na gaske sau 72, da bai kai santimita 20 ba ya tsaya da ƙafafunsa. Amma fentinka ba jabu bane, bernin ma ƙila lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru ka ɗora mai zafi a kan mai sanyi ne, wato wanda abin tsinkawarsa ke da ƙarfi a kan marar ƙarfi, kuma tun mai sanyin bai gama yin ƙwari ba.

Ni abin da nake faɗa wa kowa shi ne ka ajiye sunan kamfani a gefe ka tambayi abu ɗaya, da me ake tsinka wannan fentin, da me ake wanke buroshinsa? Amsar nan ita ke gaya maka danginsa. In da ruwa ne to fentin ruwa ne, irin Vallejo na ƙasar Sifen da Revell Aqua Color. In da wayit-sifirit ne to fentin mai ne, inamel, wanda a shagon kayan gini zaka ga an rubuta glycéro a jikinsa, kuma nan ne Humbrol ɗinka mai gwangwanin mililita 14 ya faɗo, shi da Revell na gwangwani. In kuwa sai diliyan mai hawa kai ɗin nan na masu fentin mota, to lak ne, irin Mr. Color na Japan da Tamiya masu lamba LP da bom ɗinsu masu lamba TS, kuma galibin bom ɗin da ake sayarwa a kasuwanninmu nan suka fi kusa ko da an rubuta acrylique ɓaro-ɓaro a jiki. Rubutun nan ya ruɗi mutane da yawa, ƙaron da ke cikin fentin yake nufi, bai ce maka ruwan da aka narkar da ƙaron a ciki mai sanyi bane. Hancinka ma ya isa shaida, in ka fesa kaji wari ya doke ka har cikin kai to kada ka kusantar da shi da fentin mai.

Dalilin kuwa yana wajen bushewa, kowanne da yadda yake yin tasa. Lak diliyan ɗinsa ne kawai ke tashi ya bar ƙaro a kwance, cikin mintuna an gama, shi ya sa ko bayan shekara ka ɗiga masa diliyan zai sake narkewa. Fentin ruwa kuma ruwan ne ke tashi sai ƙwayoyin ƙaron su manne da juna su zama fata ɗaya, daga nan ruwa baya narka shi, sai alkol ko lak. Shi fentin mai nashi daban ne kwata-kwata, abin tsinkawar zai tashi cikin awoyi ka taɓa kaji a bushe, amma ainihin ƙwarinsa sai ya sha iska, oksijin ce ke shiga tana ɗaure shi sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa, kuma kwanaki ake ɗauka ba awoyi ba. Kai da ka taɓa washegari fatar sama ka taɓa, ƙarƙashi ɗanye ne sharaf. Da diliyan ɗin bom ya sauka sai ya ratsa fatar nan ya kumbura ta, ita kuma ta riga ta ɗaure bata iya narkewa ta sake kwanciya, kuma ƙarƙashinta babu abin da ya riƙe ta, sai ta tattare. Yamutsewar da ka gani kenan.

Toh tsarin da zaka riƙe: lak shi ne a ƙasa, don in ya bushe fentin mai da na ruwa duka suna zama a kansa lafiya lau, basu da ƙarfin tayar da shi. Fentin mai a kan na ruwa shima babu matsala in na ruwan ya kwana ɗaya ko biyu. Fentin ruwa a kan na mai yana yiwuwa amma ka bashi mako guda tukuna, ka kai shi hanci, muddin kana jin warin fenti bai gama ba, kuma in mai ƙyalli ne ka ɗan goge shi da sanfefa mai laushi sosai in ba haka ba na ruwan zai riƙa tattaruwa ɗigo-ɗigo ko ya tsattsage daga baya. Lak a kan fentin ruwa akwai masu yi da ƙaramar bindigar feshi, erograf, suna fesa shi sama-sama daga nesa ya kusa bushewa kafin ya sauka, amma da bom ko buroshi caca ce. Lak a kan fentin mai kuwa ni bana ba kowa shawarar ya gwada a kan aikin da yake so. Bernin da ya dace da jirginka shi ne na ruwa, ko na mai ɗan gidansu.

Akwai kuma abin da zaka buƙata nan gaba in ka fara son layukan jikin jirgi su fito, ana tsinka fentin mai baƙi ko ruwan ƙasa da wayit-sifirit yayi ruwa-ruwa a zirara shi cikin layukan sannan a goge na sama. In ka yi haka kai tsaye a kan Humbrol zai ɗago maka fentin gaba ɗaya don danginsu ɗaya, abin da ya tsinka wannan zai tsinka wancan. Dole ka raba su da berni na ruwa mai ƙyalli a tsakani, kuma a kan wannan ƙyallin ne ake manna tambura da lambobin jirgi, in ka manna su a kan fenti marar ƙyalli iska na maƙalewa a ƙarƙashi gefensu yayi fari-fari.

Jirginka kuma bai mutu ba. Ka fara cire gilashin matuƙi ka ajiye, ka ɗan kakkarce saman bernin da sanfefa don abu ya samu hanyar shiga, sannan ka samu soda irin ta masu yin sabulu, kamar cokali biyu a lita ɗaya ta ruwa, sodar ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin soda ba, ka jira ya huce don yana ɗaukar zafi kuma zafi na lanƙwasa roba, ka jiƙa jirgin ya kwana a mazubin roba, da safe ka goge da tsohon buroshin haƙori. Ka sa safar hannu, ka kiyaye idonka, ka ɗauke shi daga inda yara ke kaiwa. Man birki ma yana cire fenti amma in roba ta daɗe a ciki tana yin gautsi. Abin da bazaka taɓa kusantar jirgin da shi ba shi ne asiton da abin goge jan farce da diliyan na masu mota, waɗannan ba fentin kaɗai zasu ci ba har robar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina haɗa Jaguar na Heller 1/48, ina so in yi masa kalar yashi da ruwan ƙasa irin waɗanda Faransa ta kawo ƙasarmu. Inada Tamiya guda biyu da Vallejo guda uku, kalar yashin bata fito min ba sai na haɗa Tamiya da Vallejo a kofin erograf na ƙara alkol na farmasi don ya tsinke, sai ya zama gudaji-gudaji ya toshe min baki. Ba duka biyun akrilik bane? Kuma lambobin kala na takardar basu yi daidai da na kwalabena ba.
Daga wani ma'aikaci a Njamena

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Ka zaɓi jirgi mai tarihi a wajenku, su ne aka gani lokacin ayyukan sojan Faransa a Chadi, Manta a 1983 da Épervier a 1986, kuma su suka kai hari filin jirgin Wadi Dum da ke arewacin ƙasar a watan Fabrairun 1986, don haka hotunansu da wannan kalar suna da yawa a intanet.

Eh duka biyun akrilik aka rubuta, amma ba gida ɗaya suka fito ba. Ɗauki kwalbar Tamiya ɗin nan mai zagaye, ta mililita 10 ko 23, ka duba bayanta zaka ga alamar wuta, ka buɗe ka shinshina zakaji alkol. Ƙaronsa narke yake cikin alkol da 'yan uwansa tare da ɗan ruwa, shi ya sa yake karɓar ruwa kaɗan, ya karɓi alkol, ya karɓi abin tsinkawarsu X-20A, har diliyan na lak mai sanyi irin na Tamiya ko Mr. Color yana karɓa kuma feshinsa ma yafi kyau da shi. Vallejo kuwa ƙwayoyin ƙaro ne ke yawo cikin ruwa basu narke ba, an dai lallaɓa su ne kada su manne, da alkol mai yawa ya shigo sai lallaɓar ta ƙare su dunƙule kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami. Kai kuma ka bashi alkol sau biyu, na cikin Tamiya da na farmasi.

Abin da nake so ka bambance, ɗorawa daban gaurayawa daban. Tamiya a ƙasa ya bushe ka ɗora Vallejo a kai, lafiya lau, mutane da yawa haka suke aiki, su fesa babbar kala da Tamiya su yi ƙananan wurare da buroshi da Vallejo don shi yafi daɗin buroshi nesa ba kusa ba. Amma a kofi ɗaya sai 'yan gida ɗaya. Humbrol da Revell na gwangwani galibi suna gauraya, Mr. Color da Tamiya LP suna gauraya, Tamiya akrilik mai zagayen kwalba da Mr. Hobby Aqueous suma suna jituwa, na ruwa zalla kuma da na ruwa zalla. Ko su ɗin ka fara gwada ɗigo biyu a murfin kwalba ka motsa da tsinke ka jira minti goma ka gani. Vallejo ka tsinka shi da ruwa mai tsabta ko abin tsinkawarsu, in ruwan rijiyarku mai kanwa-kanwa ne ka sayi ruwan batir wanda ba'a sa wa asid ba.

Kuma ga wani tarko da Tamiya, suna da inamel a kwalba mai kusurwa huɗu kuma lambobinsa irin na mai zagayen ne, X na ƙyalli XF marar ƙyalli. Abin tsinka inamel ɗin X-20, na akrilik X-20A, harafi ɗaya ne tsakaninsu. In zaka aiki wani ya sayo maka daga waje ka tura masa hoton kwalbar, kada ka tura lamba kawai.

Batun lambobi kuwa kowane kamfani da nasa lissafin. Baƙi marar ƙyalli kaɗai, a Humbrol 33 ne, a Tamiya XF-1, a Revell 8, a Vallejo 70.950. Takardar jiragen kamfanin Airfix lambobin Humbrol take bayarwa, ta Revell nata, ta Tamiya nata. Akwai jadawalin da ke cewa wannan lamba ita ce waccan a wani kamfani amma kusa-kusa ne kawai, a baƙi da fari bazaka lura ba, a kalar yashi da kore kuwa bambancin na iya fitowa fili. In takarda ta baka lambar FS ta Amurka ko RAL ta Jamus to ka bi wannan, ita ce ma'aunin da kamfanonin ke ƙoƙarin kamowa. Ni a ganina kada ka wahalar da kanka, jirgin da ya yi watanni a ranar Njamena kalarsa ta riga ta koɗe, ka nemi hoto mai kyau ka haɗa XF ɗinka da fari da ɗan rawaya na gidan Tamiya har ya kusa, ka rubuta adadin ɗigon a takarda don gobe in ya ƙare ka iya maimaitawa.

Erograf ɗin kuma ka kwance shi ka jiƙa bakin da allurar cikin diliyan, ban da zoben robar ciki. Duk sanda zaka canja daga dangi zuwa dangi ka wanke da abin tsinka na farko, ka bi da na biyun, sannan ka zuba fenti. Sannan zafin garinku, a watan Afrilu da ake wuce digiri 40 fenti na bushewa a iska kafin ya isa jikin jirgi sai ya sauka gari-gari ka shafa kaji kaushi, to kayi feshi bayan asuba, ka ƙara tsinkawa, ka matso kusa, ka rage iska.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni ɗaliba ce, an bamu aikin maket na gida 1/100, nayi bango da kwali nayi ƙasa da tudu da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij. Da na fesa bom ruwan ƙasa sai soson ya narke ya zama ramuka ina kallo. Da na koma fentin ruwa kuma kwalin ya lanƙwashe. Saura kwana goma in kai, ya zanyi?
Daga wata ɗaliba a Marwa

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, kwantar da hankalinki kwana goma sun isa. Farin soson nan polistiren ne, robar da ake yin jiragen da muka yi magana a sama ce aka hura ta, kusan kashi 98 cikin 100 nata iska ce, shi ya sa diliyan kaɗan ya ishe shi ya rushe ta nan take. Abu biyu kike aiki da su kuma abin da kowanne ke tsoro daban ne, soso na tsoron diliyan baya tsoron ruwa, kwali na tsoron ruwa baya tsoron diliyan. Ke kuma kin ba kowanne abin da yake tsoro.

Soson ki shafe shi da farin gam na kafinta da aka ɗan tsinka da ruwa, shafi biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, ko ki shafa masa ragowar fentin bango na ruwa. A kan wannan ki yi kalarki da akrilik na tub ko guwash. In kina son ƙasar ta fito da gaske ki barbaɗa yashi mai laushi da kika tankaɗe a kan gam ɗin tun yana ɗanye, yashin mayo, wato rafin da ke bushe a garinku da rani yayi daidai. Wasu na fesa bom bayan sun rufe soso da gam, yana yiwuwa, amma ɗan ramin da buroshi ya tsallake ya isa diliyan ya shiga ya ci ta ciki, da saura kwana goma ni bazan ce ki gwada ba. Ramukan da suka riga suka faru ki cike su da takardar bayan gida da aka jiƙa da gam, ko ki mai da su kwari da kwazazzabo a cikin zanen in wurin ya yarda.

Kwalin kuma shi ne wurin bom, fesawa sama-sama daga nisan santimita 25 zuwa 30, sau biyu ko uku, kuma ki fesa bangon tun kafin ki kafa shi a kan soson. In dole sai fentin ruwa to kada ki tsinka shi sosai, ki shafa gaba da baya duka don jan ya zo daidai, ki danne da littattafai in ya sha iska. In kwali mai soso a tsakiya kike amfani da shi ki tuna bakinsa soso ne, shima sai an rufe shi da gam. Tagogin roba mai gani-har-hanji ki sa su a ƙarshe, feshin lak da tururin gam mai kamawa nan take duk suna dusashe su kuma gyaran da wahala. Guwash kuma ko ya bushe ruwa na tayar da shi, kada ki bi shi da berni na ruwa da buroshi zai jagwalgwale.

TAMBAYA: Malam wayit-sifirit yana wahalar samu a wajenmu, zan iya tsinka fentin mai da zuwa-zuwa ko kananzir? Masu fentin ƙofa haka suke yi.
Daga wani mai karatu a Gidar

AMSA: Ɗan'uwa mai fentin ƙofa a kan ƙarfe yake aiki, kai a kan roba. Zuwa-zuwa fetur ne, fetur kuma yana cin polistiren, zai sa saman yayi laushi ya tsattsage, kuma na kwalba a bakin hanya babu wanda ya san me aka gauraya masa, ga haɗarin wuta a ɗaki. Kananzir baya cin roba da sauri haka amma maiƙo gare shi, fentin zai yi kwanaki yana danƙo ƙura na mannewa, wanke buroshi kawai zaka iya da shi sannan ka bi da sabulu. Araha bata ado, lita ɗaya ta wayit-sifirit in ka sa aka taho maka da ita daga Garwa ko Marwa zata daɗe maka sosai tunda ɗigo-ɗigo ake amfani da shi. Shi ɗin ma kada ka bari ya kwanta a mahaɗar da aka matse da ƙarfi, yana shiga ƙananan tsaga ya sa robar ta karye.

Kuma duk abin da baka yarda da shi ba ka gwada a cokalin roba fari irin mai karyewa ƙas ɗin nan, ko kofin yawurt da aka buga wa lamba 6 ko PS a gindi, robarsu ɗaya da ta jirgi. Ka jera fentin a kai yadda zaka jera a aikin, da irin jiran da zaka yi, ka rubuta a bayan cokalin abin da ka sa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yarana suna ƙera motoci da gwangwanin madara da na tumatir da guntun kwanon rufi, tayoyi kuma da tsohon silifa, har suna sayarwa. Na saya musu fentin mai amma bayan kwana kaɗan yana ɓarewa da farce, na jikin tayoyin kuma har yau bai bushe ba. Wane fenti zan saya?
Daga wani uba a Kusiri

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya yi wa yaran albarka, kuma na ji daɗi ƙwarai da kake tsaya musu don wannan sana'a ce ta gaske, yaron da ya iya auna gwangwani ya fitar da motar da ta daidaita ya riga ya fara karatun injiniya. Kafin ka sake kashe kuɗi, matsalar tana jikin ƙarfen ne ba a fentin ba. Gwangwani yana zuwa da rufin kuza da berni na masana'anta, sumul yake, ga maiƙon hannu da na abinci, fenti bashi da abin kamawa. Su wanke da omo su shanya, su goge da sanfefa lamba 320 ko 400 har ƙyallin ya mutu, su share da alkol, daga nan kada a sake kama shi da hannu mai maiƙo. Sannan shafi ɗaya siriri na fentin hana tsatsa, a bashi kwana biyu, sai kala. Shafi siriri sau biyu yafi mai kauri sau ɗaya, mai kaurin ne ke ɓarewa.

Kwanon rufi kuwa sai an duba wane iri ne. Namu na Kamaru galibi alminiyom ne, maganaɗisu baya kama shi, wanda maganaɗisu ke kamawa mai walƙiya-walƙiya kuma ƙarfe ne da aka lulluɓe da zinki. Duka biyun basa riƙe fentin mai kai tsaye, mai zinkin ma yafi muni don zinki na haɗuwa da man fentin ya zama wani abu mai santsi a ƙarƙashi sai fentin ya saɓule. Waɗannan suna son shimfiɗa tasu ta musamman, ka ce wa mai shago ta alminiyom da galba, wato mai zinkin, kake so, in babu to a goge sosai a yi da akrilik.

Tayoyin kuma kada ka jira, ba zasu bushe ba. Roba mai laushi tana ɗauke da wani mai da ke sa ta lanƙwasa, shi ke fitowa ya shiga fentin mai ya hana shi ɗaurewa, haka yake faruwa da 'yar tsana da tayoyin ƙananan motocin kanti. A yanko sababbi daga baƙin silifa a barsu haka, in ana son kala a shafa akrilik. Roƙona ɗaya Baba, ka guji tsohon jan fentin hana tsatsa da ake kira miniyom da duk fentin da aka ɗura a kwalba babu takarda, wasu na ɗauke da darma, kuma motocin nan hannun ƙananan yara suke zuwa su kuma komai baki suke kaiwa. Feshin bom kuma a tsakar gida, ba a ɗaki ba, nesa da murhu.

TAMBAYA: Malam na yi wa 'yan ajinmu maket na masallaci da katako, na fesa berni da yamma bayan an ɗauke ruwa, da safe na tarar yayi fari kamar hazo. Ya lalace kenan?
Daga wata malama a Ngaundere

AMSA: Bai lalace ba Malama. Garinku kan tudu yake ga damina mai tsawo, iskar bayan ruwa cike take da laima, shi kuma diliyan in yana tashi da sauri sanyaya wurin yake yi sai raɓa ta kwanta ta maƙale cikin bernin tun bai rufe ba. Ki barshi ya kwana biyu a wuri busasshe, ranar da aka yi rana ki fito da shi da hantsi ya ɗan ji ɗumi a inuwa, ki girgiza gwangwanin minti biyu cikakku, ki sake fesa shafi ɗaya na wannan bernin dai mai ƙyalli, zai narkar da na ƙasa laimar ta fita, galibi farin na ɓacewa. In bernin marar ƙyalli ne kuma ba'a girgiza shi sosai ba to garin da ke kashe ƙyallin ne ya taru, shima shafin mai ƙyalli ke gyara shi, in ya ƙi sai a goge da sanfefa lamba 1000 da ɗan ruwa a sake. Gwangwanin kuma kada ki ajiye shi a rana ko cikin mota don ya yi ɗumi, a jikinsa an rubuta kada ya wuce digiri 50, ki tsoma gindinsa cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti biyar ya isa. Da hunturu kuma matsalar juyawa take, laima babu sai ƙura, lokacin ki yayyafa ruwa a ƙasan wurin kafin ki fara, kina gama feshi ki kifa masa babban kwali mai tsabta da 'yan ƙofofi a gefe don iska ta riƙa shiga.